Muryar da Aka Cire wa Malam

Ginin da nake zaune a cikinsa a unguwar Highbridge da ke Bronx, a birnin New York, ya yi shiru. Ba mutane ne suka ƙare ba, ɗakunan cike suke, sun ma fi na da cika. Sai dai duk wanda ka gamu da shi a matakala kunnensa a toshe yake, idonsa a kan waya, ka yi masa sallama ya ɗaga maka gira ya wuce. A makon jiya aka kwashe kayan maƙwabciyata, wadda ita ce ta ƙarshe cikin matan da muka yi ƙuruciya tare. 'Ya'yanta suka zo da babbar mota suka tafi da ita wata jiha mai nisa, wai can ya fi sarari. Na tsaya a taga har motar ta gangara ta sha kwana. Da na juyo sai na ga babu sauran mutum ɗaya a ginin nan da ya taɓa jin maigidana yana magana. Ni kaɗai na rage.

Da ba haka ginin yake ba. Lokacin da aka kawo ni ina amarya, a tsakiyar sanyi, abin da ya fara damuna shi ne ƙara. Hitar ɗaki tana ta tsaki, can kuma ta ƙwanƙwasa kamar wani na neman a buɗe masa. Jirgin ƙasan da ke bi ta sama in ya taho sai kofuna su yi ta rawa a kan kanta. Maƙwabtanmu masu Sifaniyanci kiɗansu ba ya hutawa, namu mutanen kuma ƙofofinsu a buɗe, wannan tana tambayar gishiri daga hawa na uku, waccan tana amsa mata daga hawa na biyar. Na zo da ƙaramin turmi a cikin akwatina, uwata ta ce mace ba ta zama babu shi. Ranar da na fara daka yaji, na ƙasanmu ya yi ta dukan rufin ɗakinsa da sandar tsintsiya, ni kuwa na zaci taya ni yake, na ƙara ƙaimi. Wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke fuskantar ƙofarmu, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta shigo ta karɓe taɓaryar daga hannuna. Hausarta irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Yarinya, nan ba a daka. Ka naɗe shi a tawul ka sa a ƙasan gado, ka riƙa kallonshi in ka yi kewar gida."

Ita ta koya mini zaman garin nan. Ta nuna mini garin da ake tuƙawa ya yi kama da tuwo, da shagon da ake samun kuɓewa ɗanya, da yadda ake tura keken wanki a gangaren unguwarmu ba tare da ya ƙwace ya bar ka ba. Kuka da daddawa kuwa sai wani ya dawo daga gida, a rarraba a ƙullin leda kamar magani. Wasiƙa a kaset muke yin ta, a zauna a gaban rakoda a gaida kowa da sunansa, a ba matafiyi ya kai. Yau jikata tana danna waya ta ga fuskar 'yar ƙanwata a Kano, su yi ta kallon juna ba su da abin cewa. Mu da sai mu cika kaset gaba da baya, mu ji bai ishe mu ba.

Malam, maigidana, ɗan wasan kwaikwayon rediyo ne a gida kafin ya fito. Mutum ɗaya ne amma bakinsa kasuwa guda. Zai yi maka tsohuwa mai mita, ya juya ya yi alƙali, ya koma ɗan kamasho a tasha, ba ka ga inda ya sauya ba. Tasa muryar ta ainihi mai kauri ce, da ɗan gargada a ƙarshenta kamar wanda bai daɗe da tashi daga barci ba. Tun kafin in san fuskarsa na san ta, don a tsakar gidanmu akan ajiye rediyo a kan turmi, mu kewaye shi mu saurara. A New York kuwa aikin da ya samu shi ne tura keken marasa ƙarfi a filin jirgin sama da ke Queens. Kullum sai ya hau jirgin ƙasa biyu da bas kafin ya kai unguwar Jamaica, ya wuce wurin aiki, ya wuni yana tura tsofaffi yana cewa a ba shi hanya. Ranar Lahadi ce tasa. Bayan azahar falonmu yakan cika da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, wasu a kujera, wasu a ƙasa, ni ina kicin ina zuba shayi. Sai ya tashi ya kwaikwayi fasinjojin da ya tura a makon, da jami'in da ke duba fasfo, da limaminmu in yana jan doguwar sura. Na ga ƙato mai gemu ya faɗo daga kujera don dariya. Mutanen da suka yi kwana shida suna wanke mota da goge bene, ranar nan kaɗai ake jin sautinsu na gaske.

A filin jirgin nan ya haɗu da wani Ba'indiye. Wata tsohuwa ce 'yar Indiya aka ba shi ya tura, ta sauko daga jirgin Landan, ga gajiya ga fushi, ɗanta na biye da jaka. Malam ya sunkuya ya jefa mata wasu kalmomin Indiyanci da ya haddace a silimar garinmu tun yana saurayi, da irin muryar mugun cikin fim. Tsohuwa ta waiga ta ga baƙin mutum, ta fashe da dariya har da tari. Ya ƙara mata da muryar jarumi, ya ƙara da ta uwar jarumi tana kuka. Kafin su kai bakin ƙofa ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Ɗan nata ya karɓi lambar wayar gidanmu, ya ce shi mai shirya fim ne. Malam ya dawo ya ba ni labari, muka yi dariya, muka manta.

Shi kuwa bai manta ba. Wata Lahadi sai ga shi a ƙofarmu, siriri, dogo, da tsohuwar rigar sanyi da ta koɗe a gwiwar hannu. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, ya zauna a ƙasa cikin mutane. Na ba shi tuwo da miyar kuka da cokali, ya ajiye cokalin ya sa hannu. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne bakinsa: fuska ta Indiya, amma Turanci irin na mai karanta labarai a Landan. Da aka watse ya zauna ya ba mu tarihinsa, Malam yana fassara mini inda na ɓace. A Ingila aka haife shi, ubansa kwandastan bas ne, bai taɓa taka Indiya ba sai da ya girma. Ya yi karatun wasan kwaikwayo yana ganin zai hau manyan dandamali. Da ya fito, rawar da ake ba shi ba ta wuce ta mai kantin kwana, ko likitan da zai shigo ya faɗi jimla biyu ya fita, ko bara mai ɗauke da faranti. Daga baya aka ƙara masa ta mai satar jirgin sama. Kuma duk inda ya je sai a ce masa Turancinsa ya yi kyau da yawa, ya karya harshe, ya riƙa kaɗa kai kamar jiya ya sauko daga jirgin ruwa. Ya tashi tsaye ya nuna mana yadda yake yi. Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce ranar da ubansa ya gan shi a talabijin yana wannan magana, tashi ya yi ya kashe akwatin ya fita. "Shi ya sa na bar gaban kyamara na koma bayanta," in ji shi. "A fim ɗina kowa zai yi magana da bakin da uwarsa ta ba shi."

Fim ɗinsa na farko ke nan, a kan baƙi uku da ke zaune a gini ɗaya a Bronx. Malam zai fito a matsayin direban tasi da ƙanensa ya rasu a gida, shi kuma ba shi da takardun da zai je ya dawo. Ba sai an koya masa wannan ba, rabin falonmu labarinsu ke nan. Ɗaukar za ta ci bazara guda, wurin aiki kuma suka ce ba za su ba shi hutu mai tsawo haka ba. Na tuna ina goge kwanuka ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Zan ajiye aikin." Ina da cikin 'yarmu ta fari a lokacin. Na ce, "Malam, a yi haka kuwa?" Ya ce, "Shekara nawa ina cewa a ba ni hanya, a ba ni hanya. Yau an ba ni." Ban ƙara magana ba, don rabon da in ga idonsa haka tun muna gida. Hajiya ce kawai ta taɓe baki da na gaya mata. Ta ce, "Ni ban ce yaron mugu ne ba. Amma shi ma yana da waɗanda yake ce ma ranka ya daɗe. Ku kun gan su?" Ba mu gan su ba. Ba mu ma san akwai su ba.

Bazarar nan ita ce mafi daɗi a zamana na ƙasar nan, shi ya sa har yau ba na son tuna ta. A unguwar Tremont aka yi yawancin ɗaukar. Ni na riƙa dafa wa ma'aikatan abinci, shinkafa da wake da mai da yaji, in kai a manyan kuloli, Turawa masu gajeren wando suna ci suna hawaye suna neman ƙari. Akwai wani da aikinsa kawai ya riƙe doguwar sanda mai makirfo a saman kan Malam, wani kuma na zaune da abin ji a kunne yana juya maɓallai. Ranar da aka ɗauki wurin da ake gaya wa direban rasuwar ƙanensa ina nan tsaye da ludayi a hannu. A rumfar wayar kan titi ne. A takarda an rubuta maganar da Turanci, Ba'indiyen ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Da wane harshe za ka ji mutuwar ɗan'uwanka? Yi da shi." Malam ya ɗauki kan wayar. Ya yi sallama, ya tambayi mutanen gida, ya yi shiru yana saurare. Sai ya yi salati a hankali. Ya tambaya ko an riga an kai shi. Ya tambaya wa ya yi masa wanka. Ya ce a ba shi Inna, da aka ba shi sai ya kasa cewa komai sai "Inna, ni ne. Ni ne, Inna." Babu kowa a ɗaya gefen wayar, na sani, igiyar ma ba a haɗe take ba. Amma na zauna a bakin titi na yi kuka. Mai abin ji a kunne ya cire shi yana share ido da bayan hannu. Ba'indiyen ya manta bai ce a tsaya ba, sai da wani ya taɓa shi.

Aka gama, suka naɗe wayoyinsu suka tafi. Muka shiga jira. Na haihu, aka yi suna, sanyi ya zo ya wuce. Malam ya koma neman aikinsa na filin jirgi aka ce an ba wani. Ya yi wankin mota, daga baya ya samu tasi ta gaske yana ja, abokai suna tsokanarsa wai fim ya bi shi gida. Da farko Ba'indiyen yakan bugo waya duk mako, ya ce ana haɗawa, ya ce abin ya yi kyau. Sai ya koma wata-wata. Sai ya daina. Malam ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Bayan fiye da shekara sai ga kati a akwatin wasiƙa, ana gayyatarmu kallon farko a wata silima a Manhattan, da yamma bayan la'asar.

Mun fi mutum ashirin da muka tafi. Malam ya sa babbar rigarsa ta aure, shuɗiya, na kwana biyu ina fama da ita da dutsen guga. Hajiya ta ɗaura ɗankwali kamar za ta gidan biki. A jirgi mutane sai kallonmu suke, mu ko a jikinmu. Muka cika layi biyu a silimar. Aka kashe fitila. Na ga titinmu, na ga shagon da nake sayen albasa, na ga tasi ta tsaya, ga Malam a ciki, fuskarsa ta cika bango. Mutanenmu suka yi sowa har aka juyo ana harararmu. Fasinja ya shiga, Malam ya waiga ya buɗe baki.

Ba muryarsa ba ce. Wata siririyar murya ce ta fito, mai tsalle-tsalle, tana jan kalmomi irin yadda Ba'amurke ke yi in yana kwaikwayon mutumin Afirka don a yi dariya. Na zaci na'ura ce ta lalace. Na jira a gyara. Wani daga bayanmu ya ce, "Kai, wa ke magana?" Yanzu yara sun saba, suna kallon finafinan Indiya da aka ɗora musu Hausa, sun san ana cire murya a sa wata. Mu a lokacin ba mu taɓa jin an yi wa mai rai haka ba. Na juya na kalli Malam. Yana zaune a miƙe, hannayensa a kan gwiwa, hasken bango na wasa a fuskarsa. Na taɓa hannunsa, sanyi ƙalau.

Na yi ta addu'a a raina su bar masa wurin wayar, ko shi kaɗai. Da aka zo wurin, ga rumfar, ga shi ya ɗauki kan waya, leɓensa suna yin sallama, ina iya karanta ta. Abin da ya fito daga bango kuwa ba Hausa ba ne, ba kuma wani yare ba ne da ɗan Adam ke yi. Surutai ne kawai aka harhaɗa masu kama da maganar baƙaƙe, aka bi da kuka mai ƙarfi da kiɗan goge a ƙasa. Leɓen Malam suna cewa Inna, muryar tana ihu. Turawan da ke gabanmu suna jan majina, abin ya taɓa su. A layinmu wani saurayi ɗan Nijar ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya, ba don mugunta ba, abin ne ya fi ƙarfinsa. Wasu biyu suka kama. Hajiya ta ce da ƙarfi, "Wannan wane irin wulaƙanci ne?" Malam bai motsa ba har aka kunna fitila, aka yi ta tafi.

A harabar silimar Ba'indiyen na tsaye cikin sabuwar kwat, mutane sun kewaye shi. Da ya hango babbar riga shuɗiya sai ya baro su ya taho, fuskarsa ta yi fari. Ya ce masu rarraba fim ɗin ne suka gwada shi a gaban 'yan kallo, aka ce ba a gane Turancin direban, kuma ba a son karanta fassara a ƙasan hoto. Ya ce ya yi faɗa, ya yi rantsuwa ya yi faɗa. Suka ce ko a sauya muryar ko fim ɗin ya ruɓe a cikin gwangwani. Ya ce akwai mutum da yawa da suka zuba guminsu a ciki, ba shi kaɗai ba. Malam ya bar shi ya gama. Sannan ya tambaye shi da Turanci, a hankali, "Me ya hana ka bugo mini waya?"  Malam ya ce, "Da ka gaya mini, da na zo ni kaɗai." Ya juya ya ce mini mu tafi. 

Lahadin da ta biyo mutane suka zo kamar kullum, na dafa shayi. Malam ya gaisa da kowa, ya zauna. Aka jira, aka yi ta 'yan tari. Wani ya ce, "Malam, yi mana liman mana." Ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ta gaba ma haka. A hankali aka daina zuwa, taron ya koma gidan wani mai bidiyo. Bai yi rashin lafiya ba, bai yi fushi da kowa ba, bai fasa salla a jam'i ba. Ya ja tasi shekara da shekaru, ya ciyar da mu, ya aurar da 'ya'ya biyu. Amma maganarsa ta koma ta bukata: an gama abinci, ina makullin, Allah ya kiyaye hanya. 'Ya'yanmu sun tashi suna ganin ubansu mutum ne mai shiru. In na ce musu wannan da shi ke sa unguwa dariya, sai su kalle ni su amsa da Turanci cewa ba su yarda ba. Sau ɗaya na ji shi daga banɗaki yana yin muryar tsohuwar nan mai mita, ƙasa-ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe numfashi. Ya ji motsina, ya buɗe famfo.

Da ya rasu, bayan an share makoki, sai na shiga neman muryarsa. Na aika gidan rediyon garinmu, aka ce tsofaffin faya-fayan an daɗe da ɗora wasu shirye-shirye a kansu, sauran kuma ruwa ya ci su a sito. Na tambayi danginsa kaset-kaset ɗin da muka riƙa aikawa, aka ce an yi ƙaura sau uku, ba a san inda suka shiga ba. Ɗaya da aka samu zafi ya narkar da zaren. A wayoyin yara akwai hotunansa rututu, a wurin biki, a wurin suna, yana zaune yana kallon gefe, babu inda ya ce uffan. Abin da ya rage a duniya mai motsi da fuskarsa shi ne fim ɗin nan. Jikokina sun same shi a waya, suna nuna wa abokansu wai ga kakansu, suna kwaikwayon siririyar muryar nan suna dariya. A wurinsu haka yake magana.

Shi kuwa Ba'indiyen fim ɗin ya buɗe masa ƙofa. Ya samu lambar yabo, ya yi na biyu, ya yi na uku, ya koma yi da manyan taurari. Nakan gan shi jefi-jefi a talabijin, gashi yana ta fari, ana tambayarsa yadda ya sha wuya yana ɗan wasa, yana ba da labarin kaɗa kai da karya harshe, da ubansa da ya kashe akwati. Labarin bai sauya ba ko kaɗan, yadda ya ba mu shi a kan tabarmar falona haka yake ba su. Ana cewa shi ne ya buɗe wa 'ya'yan baƙi hanya, kuma wataƙila gaskiya ne, ban sani ba.

A kakar da ta wuce 'yata ta fari, wadda take ma'aikaciyar jinya, ta ce mini wata silima na nuna tsofaffin finafinansa, kuma zai zo da kansa ranar Lahadi da rana. Na ce ta kai ni. Ban shiga kallon ba, na zauna a kan benci a waje har aka fito. Na shirya maganata tun a gida, na jera ta da Turancin da na tara a shekarun nan, kowace kalma da wurinta. Aka fito da shi yana dogara sanda, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Na bi layin masu gaisuwa. Da na iso na ce masa ni ce matar direban tasi. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Shinkafa da wake." Ya tambayi Malam, na ce ya rasu. Ya nemi kujera ya zauna.

Na ce abu ɗaya ya kawo ni: faifan da mai abin ji a kunne ya naɗa, na ainihi, ko minti ɗaya ne a ba ni. Ya girgiza kai. Ya ce kamfanin ya daɗe da rushewa, an zubar da komai. Ya ce shi da kansa ya neme shi shekarun baya don ya mayar da muryar, ya bi sito-sito, bai samu ba. Na ce, "To ka kashe shi sau biyu ke nan." 'Yata ta riƙe mini hannu. Shi bai kare kansa ba. Ya ce, "Ban yi faɗan da na ce na yi ba. Kwana ɗaya na yi ina gardama, washegari na sa hannu. Tsoro na ji kada in koma ɗaukar faranti."

Masu jiran gaisuwa suna ta leƙe. Can ya ce, "Amma ina jin sa har yanzu. Ni ɗan wasa ne kafin komai, kunnena ba ya yar da abu." Ya sunkuyar da kai, ya gyara zama, ya faɗaɗa ƙirji. Sai ya ɗago ya yi kira da Hausa, yadda Malam yakan yi daga ƙasan matakala in ya kwaso baƙi ba sanarwa: "Amarya! Ƙara ruwa a miyar nan, mun yi yawa!"

Har gargadar. Har yadda yake jan ƙarshen sunan. Babu wanda ya kira ni da sunan nan tun kafin 'yar da ke riƙe da hannuna ta yi wayo. Na dafa kafaɗarta. Ta ce, "Mama, mene ne? Wa yake kwaikwaya?" Na zo ne in zage shi a gaban mutanensa, na kwana uku ina shiri. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sake faɗa." Ya sake. Na ce ya ƙara. Ya ƙara, hawaye na bin gemunsa. Da za mu tafi har godiya na yi masa, Allah ya gani, na yi masa godiya.

Ban ce 'yata ta naɗa a waya ba, ita ma ba ta yi tunanin haka ba, kuma ban san ko na yi baƙin cikin hakan ba. Abin da na sani shi ne, kafin ranar nan in na nutsu nakan ɗan jiyo Malam a cikin kaina, nesa-nesa, kamar rediyon maƙwabta. Tun daga ranar, duk sanda na neme shi, tsohon nan mai sanda ne yake amsawa.